Saƙon Ranar Awo

"Uwa mai albarka, gobe Litinin ranar awon cikinki ce. Kada ki manta da shan maganin ƙarin jini."

Muryar Madina ce ta karanto saƙon, a hankali, tana jan kowace kalma kamar mai tsotsar alewa.

A falo ta karanta shi, a gaban kowa.

Ummusalma tana uwar ɗaka, inda amarya ke ɓuya ranar da dangin ango suka kawo lefe. Ɗazun nan Madina, ɗiyar kawun angon, ta leƙo tana dariya ta ari wayarta, wai kyamararta ta fi kyau, za ta ɗauki hoton akwatuna. Ta miƙa mata ba ta kawo komai a ranta ba, domin zuciyarta na can wajen angonta Badruddeen.

Yanzu ga shi tana jin ƙarar zif, ana rufe akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Gwaggon ango ta ce za su koma da kayan tukuna, sai an yi magana. Mahaifiyar Ummusalma ta yi ta rantsuwa har muryarta ta dushe, babu wanda ya tsaya saurare.

Ummusalma ta zame ta zauna a ƙasa.

Ta san ko saƙon wane ne...

Shekara uku ke nan tana aiki a ƙaramin asibitin unguwa da ke Anguwan Rogo, inda matan talakawa ke zuwa awo kyauta. Duk wadda ta yi rajista ana karɓar lambarta, kowace Lahadi na'ura ta tura mata tunatarwa. To, akwai matan da ba su da waya, akwai kuma masu zuwa a sace, waɗanda in saƙo ya faɗa wayar miji aurensu zai girgiza. Irin waɗannan sai Ummusalma ta rubuta tata lambar a katinsu, in saƙo ya shigo ita ta san yadda za ta isar da shi. Mata huɗu ke kan lambarta, mai awon gobe kuwa Tabawa ce, matar Datti, yayan Badruddeen. Sarakuwar Hajiyarsa ke nan, suna gida ɗaya a unguwar Ali Kazaure.

Sau biyu Tabawa na haihuwa ba rai a wata na takwas. Hajiya kuwa tun da 'yarta ta fari ta rasu wajen haihuwa a wani asibiti ta rantse babu macen gidanta da za ta sake taka asibiti da ciki, Datti kuma ya ce duk ranar da matarsa ta tsallake maganar uwarsa ta wuce gidansu. Shi ya sa Tabawa ke fitowa da bokitin masara da sunan niƙa, ta tura shi ƙarƙashin benci, a auna ta, ta wuce inji da sauri. Ranar farko ta riƙe hannun Ummusalma tana kuka, ta ce amana ce tsakaninsu da Allah.

Da la'asar Badruddeen ya zo. Ruwa ya ɗauke, gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsu, garin ya yi sanyin nan na Jos mai sa mutum kewar wanda ke tsaye a gabansa. Rigarsa na ƙamshin ciyawa da madara, daga gonar shanun da yake aiki a Vom ya taho kai tsaye.

Kallonsa kawai ta yi ta tuna ranar da ruwan sama ya koro shi barandar asibitinsu, ya zauna a ƙarshen bencin masu ciki da jarkar madara a gefensa. Mata suka yi masa caa, wata ta tambaye shi nasa cikin wata nawa ne, ya ce bai ƙirga ba tukuna, sai malama ta duba shi. Ita ce malamar. Tana tsaye da abin awon jini a hannu, ta rasa inda za ta sa idonta. Daga ranar ruwa ya riƙa koro shi duk Litinin, ko da sama fes take.

Ta buɗe baki za ta yi bayani, ya girgiza kai.

"Salmata, ban zo tambayarki ba. Na zo in ga ko kin ci abinci."

Nan hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo.

Duk da haka ta gaya masa yadda take ara wa mata lambarta. Ya ce ya sani tun kafin ta faɗa, matsalar Hajiya ce. Madina ta riga ta kai labari da ƙari, ta ce ai ma'aikatan asibiti sun san hanyoyin ɓoye komai. Kowa a dangi ya san shekara nawa Madina ta yi tana jiran a ce an ba ta Badruddeen.

Kwana biyu bayan haka Hajiya ta aiko a kira ta. Ummusalma ta durƙusa a bakin tabarma, kanta a ƙasa. Ta ce a yi mata gwaji a duk inda ake so. Hajiya ta ce masu gwajin ai 'yan'uwanta ne, abin da take so za su rubuta. Ta ce shugabarsu, Sista Chundung, a shirye take ta zo ta ba da shaida. Hajiya ta ce ba ta bukata.

"Kin ce mata huɗu ne. Faɗa min sunan guda ɗaya in je in tambaye ta da bakina. In ba haka ba, auren nan babu shi."

Can a bakin madafa Tabawa na tankaɗe. Rariyar ta tsaya cak a hannunta.

Ummusalma ba ta ko waiwaya ba.

"Ki gafarce ni Hajiya. Amanarsu ce."

"To, ki riƙe amanarki, in riƙe ɗana. Kada in sake ganin ƙafarki a gidan nan."

Ta fito tana ganin hanya dishi-dishi.

Badruddeen bai daina kira ba. Yakan ce mata shanunsa ma sun lura ya rame, yakan kwatanta mata ɗakin da ya kama musu, mai taga tana kallon dutse, inda rana ke fara sauka kafin ta shiga gari. Sau ɗaya tak ya roƙe ta, murya ƙasa-ƙasa, ko za ta faɗa masa sunan shi kaɗai. Ta ƙi. Ya ce ta yafe masa, bai ƙara ba. Ita kuwa in ta ajiye wayar sai ta lumshe ido ta shiga ɗakin nan a zuci, ta rataya labule, ta ɗora shayi, sannan ta tuna wataƙila wata ce za ta buɗe tagar.

Litinin ta zo, Tabawa ba ta zo ba. Wata Litinin ɗin ma haka.

Sista Chundung ta jawo katin ta nuna mata awon ƙarshe da yatsa, jinin ya fara hawa tun lokacin. Da Hausarta ta mutanen Filato ta ce, "Wannan yarinya, in ya ƙara sati ɗaya a gida, ni ba na so in ji labarinsa. Ke kin san gidan, ko ba haka ba?"

Ta san gidan. Ta kuma san abin da aka ce mata a cikinsa.

Ta saka abin awon jini a jaka, ta tari keke napep, ana yayyafi.

Hajiya na tsakar gida tana tsintar shinkafa, Madina a gefenta. Ummusalma ta yi sallama, Madina ta ce ashe wasu ba su da zuciya. Ummusalma ta wuce gaban Hajiya. Ta durƙusa ta ce ba maganar aure ta kawo ta ba, aiki ne, suna bi gida-gida suna auna jinin mata, ta roƙi a bar ta ta auna kowa ta tafi. Kunyar ƙaryar ta hana ta ɗago kai.

Kafin Hajiya ta kore ta, Tabawa ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Fuskarta ta kumbura har idanunta sun shige, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Ta ce tun jiya kanta ke sarawa, tana ganin wasu taurari suna yawo.

Ummusalma ta manta da kowa. Ta zaunar da ita, ta naɗa mata abin awon, ta matsa. Da ta ga inda allurar ta tsaya ta san babu lokacin ɓatawa.

"Hajiya, yanzu za a kai ta babban asibiti. In jijjiga ta kama ta, daga ita har abin cikin..."

"Babu inda za ta. Ke wa ya gaya miki ciwonta?"

Ummusalma ta sunkuya tana kwance abin awon daga hannun Tabawa.

Tabawa ce ta sulale daga kujera ta kama ƙafar Hajiya.

"Ni ce, Hajiya. Saƙon nan nawa ne. Wata huɗu ina zuwa wajenta, niƙan da nake kaiwa duk Litinin can nake fara biyawa. Na gaji da binne 'ya'ya, ina so in ji kukan guda ɗaya. Ta rasa aurenta a gabana, ina tsaye da rariya, ba ta ko kalle ni ba don kada ki gane."

Farantin shinkafar ya karkace, ƙwayoyi suka watse a siminti.

Madina ta miƙe ta ce ai ita dama ba ta ce tabbas ba ne. Babu wanda ya kalle ta, ta ɗauki mayafinta ta fice.

Hajiya ta daɗe tana duban kumburarrun ƙafafun da ke gabanta. Da ta yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"'Yata ma da ƙafarta ta shiga asibiti. A mota aka dawo min da ita a naɗe."

"Rai na Allah ne Hajiya, ba zan yi miki alƙawarinsa ba. Amma ba zan matsa daga kanta ba, ke ma ba za a hana ki zama kusa da ita ba."

Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki. Ummusalma ta ɗauka shi ke nan.

Sai ga ta ta fito da hijabi, tana cewa a kira Badruddeen ya same su a can, Datti kuma in ya dawo daga kai dankali kudu ita za ta yi masa bayani, tunda ita ta haife shi.

Kwana tara aka riƙe Tabawa a babban asibiti, Sista Chundung ce ta rubuta takardar turawa ta kuma bi su da waya. Ummusalma na tashi daga aiki can take wucewa. A rana ta goma likita ya ce ba za a ƙara jira ba, aka shiga da ita tiyata da hantsi.

Suna zaune a baranda su uku, Hajiya a tsakiya tana jan carbi. Badruddeen na leƙo Ummusalma ta bayan kan uwarsa, ita kuma tana kallon yatsunta.

Sai wani ɗan siririn kuka ya ratso ƙofa, kamar na mage.

Mace ce, 'yar mitsitsiya, uwar kuma lafiya.

Hajiya ta yi sujada a kan simintin nan mai sanyi. Da ta ɗago, hannun Ummusalma ta kama ta miƙe da shi, ba ta kuma sake shi ba.

"'Yar nan, na zalunce ki."

"Haba Hajiya..."

"Mama za ki ce. Kai kuma ka daina leƙen mutane, ka je ka gaya wa kawunnanka, Asabar ɗin bayan suna nake so a ɗaura auren."

Badruddeen ya tafi da sauri har yana tuntuɓe, ya kai ƙarshen baranda, ya dawo. Ya tsaya nesa kaɗan saboda idon Hajiya, ya sunkuyo.

"Salmata... kin amince?"

Ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta.

"Ka tambayi Mama," ta ce, "hannuna yana wajenta."