Ƙasar Sawun Zulai

"Ɗago ki dube ni, Zulai. Wanga mutum ya ɗebi ƙasar sawunki ko bai ɗiba ba?"

Zulai na durƙushe gaban Innarta. Abdussalam, ɗalibin jami'ar da ke neman aurenta, yana bakin zaure da 'yar kwalba cike da ƙasa. Gefe ga Magaji mai injin niƙan dutsen zinari, wanda ta ƙi tun bara, ya sunkuyar da kai kamar ba shi ya kawo gulmar ba. Munafuki.

"Inna, bincike ne," in ji Abdussalam. "Wasu ƙwayoyi muke haɗawa, ido ba ya ganinsu. In an zuba su, da kansu suke jawo juna, su haɗu, su kama gubar dalmar da ke cikin ƙasa, su ƙi saki..."

"Su jawo, su kama, su ƙi saki." Inna ta gyaɗa kai. "Kun ji da bakinai. In ba asirin mallaka ba, mi a wanga?"

"Inna, ni na ce ya ɗiba," in ji Zulai. "Ƙasar nan ce ta ci ƙannena Asma da Nafi'u."

"Yi man shiru! Maganin da ya yi miki ka magana, ba ke ba."

'Ya'yan Inna biyu aka fitar a likkafani ta wannan ƙofa. Har yau a Anka ba wanda ya tsaya gaban Inna ya amsa laifi. Mutum ɗaya ya duƙa ya tambayi ƙasar, shi aka kira boka, Magaji kuwa, da ƙurar injinsa ta baza gubar, na tsaye yana jan carbi.

"Maida ƙasar ɗiyata ka bar garin ga," in ji Inna. "In ko ta bi ka, in ɗaga mata nono."

Abdussalam ya juyo, idonsa jawur.

"Zulai, sanyin idona... ki ce in tsaya, in tsaya."

Ta dube shi. Ta dubi hannun Inna da ya riga ya kai bakin zane. Wace ɗiya ke rayuwa da bakin uwa?

"Zuba, masoyina..." in ji ta. "Zuba ka tafi."

Ya zuba. Ya hau babur, bai waiwayo ba, don in ya waiwayo ba zai iya ba.

Inna ta baje ƙasar da tafin hannu, ta sauke ajiyar zuciya.

"Taka, ɗiyata, ki maida sawunki."

Zulai ta san abin da ke cikin ƙasar sarai. Ta cire takalmi, ta taka.