Kafintan da Ya Ƙi Zama

"Zuwa huɗu kawai," in ji kafinta. "In ba ki ji sauƙi ba, mun bari."

"Na yarda," matarsa ta ce. "Amma kai ma za ka zauna."

Haka suka ƙulla, wata uku bayan rasuwar jaririnsu. Ba ta ci, ba ta hira, shi ya sa yayarta ta haɗa su da likitan masu damuwa.

Ranar farko ya dafa kujerar da aka nuna masa.

"Likita, ai ƙafarta rawa take!"

Ya fita ya ɗauko guduma. Har lokacinsu ya ƙare yana tsugune. Zuwa na biyu ƙofa ce ke ƙara. Na uku aljihun tebur.

Amma kunnensa na gefe. Matar da ta yi wata uku ba ta ce masa komai sai "ga abinci", ita ce ke zuba wa likita, wani ƙato mai tabarau, zance! Har da murmushi!

A hanyar gida ya kasa daurewa.

"Wato shi ya iya sauraro ko? Ni katako ne?"

"Masoyi..."

"Kar ki ce min masoyi! Me ya fi ni da shi? Tabarau?"

"Zama," ta ce a hankali. "Shi yana zama."

Zuwa na huɗu da akwatin kayan aikinsa ya shiga, fuska a murtuke. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Babu abin da ya lalace.

"Malam, ka gyara komai," in ji likita. "Ka san duk maganar da take yi, bayanka take kallo?"

Ya juyo. Idonta na kansa.

"Gadon da ka yi wa jaririnmu..." ta ce, "ina ka kai shi?"

Ya faɗa kan kujerar da ya gyara da hannunsa.

"Yana shago... na rufe shi da buhu. Kullum sai na goge shi. Ban ma gama fentin ba..."

Sai kuka. Ta kama hannunsa da ya yi kanta saboda aiki, ta riƙe gam.

"Da ka gaya min, abin ƙaunata. Na zaci ni kaɗai na yi rashi."

Likita dai ya ci riba: kujera, ƙofa da aljihun tebur, kyauta. Ita ta samu mijinta. Kafinta ya yi asarar abokin kishi, kuma shi da bakinsa ya roƙi zuwa na biyar.