Kyamara ta Huɗu a Gidan Inna Indo

Da la'asar sakaliya, wata Laraba a ƙarshen damina, Badaru ɗan kasuwar riɗi ya faka a-kori-kurarsa a ƙofar shagon Jamaluddeen mai haɗa kyamarorin tsaro, can bayan kasuwar Birnin Kudu. Ba ɓarayi ne suka kawo shi ba. Mahaifiyarsa ce, Inna Indo, tsohuwa mai kafiya da ke zaune ita kaɗai a gidan gado a Zandam. Sau biyu tana faɗuwa a bana. A na biyun sai da ta yini kwance a tsakar gida kafin maƙwabta su ankara. Badaru ya yi lallashi, ya yi fushi, ya tura mata dangi, ta ce ita fa ba inda za ta. Tunda ta ƙi zuwa inda idonsa yake, sai ya yanke shawarar kai mata idon har gida.

Jamaluddeen ya ɗora wasu baƙaƙen akwatuna biyu a kan kanta, kowanne bai wuce faɗin faranti ba.

"Alhaji, waɗannan na'urorin su ke naɗe duk abin da kyamara ta gani," in ji shi. "Ta farkon nan tana da ƙarko, amma akwai gardama. Sai da manhajarta, kuma sai a kwamfuta iri ɗaya. Wannan kuwa ba ruwanta." Ya dafa ta biyun. "Wayarka, wayar Hajiya, kwamfutar shagon wani, duk abin da ke buɗe intanet. Ka sa lambar sirri kawai, gida ya fito. Za ka ji maganar mutanen gida, kai ma ka yi musu."

"Sabis ɗin Zandam fa? Ka san halinsa."

"In ya yi rauni, da kanta take rage nauyin hoton, ba ta yankewa. Sola da batir za mu sa mata."

Badaru mutum ne mai son abu ya zo masa cikin sauƙi, ko rake sai an feƙe masa yake sha. Bai ƙara tambaya ba, ya ce a naɗe masa ta biyun da kyamara huɗu.

Ranar Asabar suka je Zandam shi da Jamaluddeen. Aka kafa ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a ƙofar ɗakin Inna. Sai maganar inda za a ajiye na'urar da batir, wuri mai sanyi wanda ruwa ba ya zuba. A kusurwar gabas akwai wani ɗakin ƙasa da ba a kwana a cikinsa tun zamanin kakan Badaru. Kullum da safe Inna takan yi sallama a ƙofarsa, ta share shi, ta ajiye ƙwaryar ruwa. Rana na faɗuwa ta saki asabari, daga nan ba mai ko duban wajen sai gari ya waye. Mutan gida take kiran mazauna ɗakin. Da wannan doka Badaru ya tashi, amma tun da ya fara zuwa Kano ya ajiye ta a sahun camfin tsofaffi.

Inna tana gidan suna a maƙwabta. Suka shiga ɗakin ba ko gyaran murya. Suka ajiye na'urar a kan wani tsohon turmi, suka kafa kyamara ta huɗu a saman kusurwa don ta tsare kayan.

Da Inna ta dawo ta ga waya ta bi ta ƙarƙashin asabari, sai ta tsaya cak. Ta juyo ta dubi Badaru.

"Kai, ido ka sa musu a ɗaki?"

"Inna, na'ura ce kawai."

"Kakanka ya yi alkawari da su. Rana tamu, in ta faɗi lokacinsu ne. Ba ma leƙa su, ba sa leƙa mu. Shekara nawa ba wanda ya ji kanmu." Ta sassauta murya. "In ka ƙi cirewa, to duk sanda za ka duba ka fara yin sallama. Kuma kada ka kuskura ka duba in an kira magariba."

Ya ce, "To, Inna," irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi don a rabu lafiya.

Gaskiya na'urar ta yi aikinta. Daga Birnin Kudu yana ganin Inna tana ba awaki dusa. Daga Kano, a kwamfutar wani abokin cinikinsa, ya gan ta tana tsintar wake, har ya danna ya ce mata ta shiga inuwa, ta ɗaga kai tana masifa. Hankalinsa ya kwanta, rabon da ya ji haka har ya manta. Sai dai manhajar tana da wani hali: da ka buɗe, hotuna huɗun ne ke fitowa tare a fuskar waya. Ba yadda za a yi ka ga Inna ba ka ga cikin ɗakin gabas ba. Yakan buɗe sau ashirin a yini, a tasha, a kan layin mai, a bakin masallaci. Wa zai tsaya yi wa waya sallama?

Ranar Alhamis ta uku, ya taso daga wajen Gwaram da lodin riɗi, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Saƙon na'urar ne, wai an ga motsi a kyamara ta huɗu.

Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Dawa ce dama da hagu, ta fi mutum tsawo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kashin shanu. Gyare na ta kuka. Can nesa, daga wani ƙauye da ba ya gani, ladan ya fara kiran magariba. Maganar Inna ta faɗo masa a rai, amma yatsansa ya riga ya danna.

A tsakar gida, ga Inna a tsugune da buta tana alwala. Lafiyarta ƙalau. Ya sauke ajiyar zuciya, ya kai ido kan hoto na huɗu.

Ɗakin ya yi duhu, hoton ya koma toka-toka. Ga turmi, ga na'urar da 'yar fitilarta. A jikin bango kuma an jera wasu abubuwa. Ya ɗauka buhuna ne.

Babu buhu a ɗakin nan.

Ya ƙirga. Bakwai. A zaune suke, sun kewaye ƙwaryar ruwan Inna.

Na tsakiyar ya ɗago kai. Fuskar doguwa ce, ta wuce misali. Idanun suna ƙyalli kamar na akuya in an haska ta da tocila. Sauran ma suka ɗago, ɗaya bayan ɗaya, duk suka zuba wa kyamarar ido.

Gyare ya yi shiru. Kiran sallar ma ya ɗauke a tsakiya.

Wani wari ya cika motar, warin tsohuwar ƙasa da jiƙaƙƙen toka. Badaru ya san shi sarai. Warin ɗakin gabas ne.

Daga lasifikar wayar aka yi magana, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan tabarma a kan yashi.

"Kwana goma sha tara kana shigo mana."

Ya danna don ya rufe manhajar. Ta ƙi rufuwa.

"Muna cin abinci, kana ciki. Matanmu na kwance, kana ciki. Ko sau ɗaya ba ka yi sallama ba."

Ya buɗe baki zai nemi tsari. Harshen ya yi nauyi, ya ƙi tashi.

Kujerar da ke damansa ta lotsa. A hankali, kamar yadda take yi in ƙato ya zauna. Ƙarfen ƙarƙashinta ya yi ƙara.

Bai juya ba. Ya ƙura wa wayar ido. A jikin bango yanzu saura shida.

"Kai ka nuna mana hanya," aka ce. Wannan karon ba daga waya ba, daga dab da kunnensa. "Mun zo rama ziyara."

Hannu ya sauka a wuyansa. Busasshe kamar karan dawa, sanyi kamar randa. Yatsun suka zagaye wuyan har suka haɗu, suka fara matsewa.

Numfashinsa ya tsaya. Gefen idonsa ya fara duhu. A cikin ɗan hasken da ya rage masa, ya ga Inna ta saki butar. Ta miƙe. Ta juya ta fuskanci kusurwar gabas, kamar wadda aka kira.

Ta taka har bakin asabari.

"Salamu alaikum, mutan gida," ta ce. "Na ji abin da ake ciki. Bai sani ba. Ni na haife shi, ni na kasa hana shi. Ku bar min shi."



"An karya alkawari," aka amsa daga ciki. "Wa zai zauna a madadinsa?"

Badaru ya lalubi wajen magana ya danna. Ba abin da ya fito daga maƙogwaronsa sai kakari.

"Ga ni," in ji Inna.

Ta ɗaga asabarin ta shiga.

Hannun ya saki. Kujerar ta dawo daidai. Gyare ya ci gaba da kuka, ladan ya ƙarasa kiransa, kamar ba a yi komai ba.

Badaru bai san yadda ya juya motar ba, bai san yadda ya isa Zandam ba. A bakin ƙofar ɗakin gabas ya same ta a zaune, ido buɗe, jiki da ɗumi, numfashi daidai. Ya kira ta, ya girgiza ta, ya yi kuka a kan gwiwarta kamar ba magidanci ba. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya finciko na'urar ya farfasa ta da taɓarya, ya tsittsinke wayoyin, ya ɗauki Inna ya sa a mota.

Abin da ya daɗe yana nema ya samu, Inna ta dawo gidansa a Birnin Kudu. Likitoci sun yi gwaje-gwajensu, suka ce ba su ga komai ba. Malamai sun yi ruƙiyya har muryoyinsu suka dushe. Wani dattijon malami daga Kiyako ya saurari labarin tun daga farko, sannan ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wanda aka kama ana ƙwato shi. Ita kuwa da bakinta ta ba da kanta. Sai dai addu'a." Matarsa Mansura ce ke ba ta kunu da cokali, ta yi mata wanka, ta juya ta. Tana haɗiya, tana barci, amma duk wanda ya dubi idonta ya san ba kowa a ciki.

A kwana na huɗu da dawo da ita, Jamaluddeen ya zo gidan a guje da kwamfutarsa. Ya je rufe rajistar na'urar a intanet ne, tunda an fasa ta. Da ya sa lambar sirri, sai hoto ya fito.

Tsakar gidan Zandam ce. Rana ta faɗi, duhu bai gama shiga ba, alhali a Birnin Kudu hantsi ne. Ga Inna nan da zanenta na ranar Alhamis, tana bin bango tana shafawa da tafin hannu. Inda ƙofar zaure take, babu ƙofa, bango ne ya haɗe.

Badaru ya buɗe a wayarsa, haka. A wayar Mansura, haka. Ya tura mutane Zandam, suka ce gida fayau, ba kowa sai ciyawa da ta fara tsirowa. Jamaluddeen ya ce da dannawa ɗaya zai goge rajistar kowa ya huta. Badaru ya riƙe masa hannu, ya ce in ya goge, a ina kuma zai ga uwarsa?

Wata biyar ke nan. Ya bar zuwa kasuwa, a-kori-kurar ta yi faci a ƙofar gida. Yana zaune kusa da gadon Inna da waya a hannu, jikinta a gefensa, ita kuma tana can cikin magaribar da ba ta ƙarewa, tana neman ƙofa. Yanzu kam ba ya buɗewa sai ya yi sallama. Ba a taɓa amsa masa ba.

Badaru ɗan fari ne, tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Ko a gaban mutuwa, matan irinsu Inna ba sa karya wannan kunya. Ranar Juma'ar da ta wuce, ta gaji da shafa bango, ta zo ta tsaya a tsakiyar gida, ta ɗaga fuskarta sama.

"Badaru," ta ce. "Badaru."

Ya danna wajen magana da hannu biyu. "Na'am, Inna! Ga ni! Ga ni nan, Inna!"

Ta karkata kunne, ta jira. Ta daɗe tana jira. Sannan ta goge ido da bakin zanenta, ta koma jikin bango ta ci gaba da lalube.