Sai An Tambayi Na Ƙasa

Da Auta ta san abin da zai biyo baya, da ranar Talatar nan ta riƙe hannun mahaifinta, ba ta bar shi ya buga wayar ba. Amma labarin a kan matakalar bene ya fara.

Baba yana da ƙaramin kamfanin kwashe kayan masu tashi daga gida: mota biyu, ofis ɗaki ɗaya, sai Auta da ke liƙa wa kowane kwali lamba. Ran nan ta bi ma'aikata wani gida mai hawa uku, ta tarar da mutum biyu za su sauko da firji. Na sama dogo ne siriri, na ƙasa ya girme shi, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Yaya, ka shirya?" in ji dogon.

"Ɗaga."

Dokar Baba ke nan: ba a ɗaga kaya sai an tambayi na ƙasa, don a wuyansa nauyin ke sauka. Baba ya yi shekara ashirin yana dako kafin ya sayi mota. Har yau ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalmi.

Auta ta tsaya a tsakiyar hanya tana kallo.

"Malama," in ji dogon, "in ba so kike mu haɗa da ke ba, matsa. Ko a liƙa miki lamba?"

Ta fashe da dariya. Tun daga ranar take ce masa Dogo, shi kuma yana ce mata Mai Lamba.

Yana da wata 'yar waya mai fasasshen gilashi da yake ɓoyewa a safa. Saƙonninsa gajeru ne.

"Mai Lamba, yau na ɗauki madubin wasu, na ga kaina ina murmushi. Laifinki ne."

"Dogona, ka ci abinci kuwa?"

"Na ji muryarki da safe. Na ƙoshi."

Ba ta gane ba a lokacin cewa rabin maganar ba wasa ba ce.

Ma'aikatan su shida ne, wani Dillali ke kawo su kullum a motarsa, ya kwashe su da yamma. Shi Baba ke ba ladan aikinsu, shi ke sa hannu a madadinsu. Kuma Dillalin ya fara zama a ofis fiye da ƙima, da turarensa mai sa ciwon kai, har ya fito ya nemi auren Auta.

Da ta ce ita Dogo take so, Baba ya girgiza kai.

"Dubi bayana, 'yata. Mahaifiyarki ta ƙare kuruciyarta tana gasa mini shi da ruwan zafi. Ba zan ba ki wannan gadon ba."

Sai saƙonni suka ɗauke. Kwana biyar. In ta gaishe shi, sai Dogo ya sunkuyar da kai ya wuce. Ta rubuta masa, "In ka gaji da ni, faɗa mini, ba sai ka mai da ni bango ba." Shiru. Ta yi kukanta a bayan tulin kwalaye.

Yaya ne ya same ta a can, ya zo ɗaukar bargon naɗe kaya. Bai kalle ta ba, yana ninke bargon yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata, kada ki riƙe shi a rai. Dillalin nan ya gano wayar, ya taka ta. Takardunmu duka suna hannunsa. Ɗakin da muke kwana, ta waje ake kulle shi. Shekara biyu ba mu riƙe ladanmu a hannu ba. Ni dai na tsufa a ciki. Shi ki fitar mini da shi."

Washegari da safe Auta ta shiga ofis, ta zayyana wa Baba komai.

"Ai ina biya!" in ji shi. "Ban taɓa tauye kowa ba."

"Baba, kai ka koya wa kowa kada a ɗaga sai an tambayi na ƙasa. Shekara biyu suna ɗauke da kamfanin nan a wuya. Ka taɓa tambayar ko ɗayansu?"

Baba ya miƙe tsaye. Sannan ya jawo waya.

"Hukuma za mu fara kira, Baba. Don Allah."

"Ba na kai mutum ƙara ban faɗa masa laifinsa da bakina ba."

Ya kira Dillali, ya wanke shi tas, sannan ya kira 'yan sanda. Tsakanin kira biyun ko rabin awa ba a yi ba, amma ta ishi Dillali. Ranar mutum uku ne suka fito aiki, har da Dogo. Sauran ukun an bar su a ɗaki, har da Yaya da bayansa ya riƙe. Da aka fasa ƙofar, katifu kawai aka tarar, da rigar aikin Yaya a kan ƙusa, ba ta ma bushe ba.

Dogo bai yi kuka a gaban mutane ba. Sai washegari, da aka zo ɗaga kujera ya buɗe baki zai ce "Yaya", sannan ya durƙushe a wajen.

Baba ya rame. Ya bar ɗaukar ma'aikata ta hannun kowa. Duk wanda ya zo neman aiki, shi kaɗai ake shigar da shi ofis, Auta ta tambaye shi: ina kake kwana? Wa ke riƙe da makullin? Takardunka suna hannunka? Lada kuwa, kowa a hannunsa ake danƙa masa. An sayi amalanke da igiyoyin kafaɗa, don bayan mutane ya huta.

Bayan wata takwas Baba ya kira Dogo, ya zaunar da shi a kujerarsa.

"Ɗana, ni na ja maka wannan rashi da taurin kaina. Ba ni da abin da zan biya ka da shi. Amma zan tambaye ka kafin in ɗora maka nauyi. 'Yata ce. Ka shirya?"

Dogo ya dubi Auta a bakin ƙofa, idonta ya cika.

"Na shirya, Baba."

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Baba ya haɗa hannuwansu, ya ce: "Allah ya yi muku albarka, ya sa kowa ya ɗauke wa ɗan'uwansa, ya ba ku zuriya da ba za ta san ƙofar da ake kullewa ta waje ba."

Da yamma saƙo ya shigo wayar Auta, alhali yana zaune kusa da ita.

"Mai Lamba, yau an kawo ni gida."

Ta jingina kanta da kafaɗarsa. A bayan ƙofar sabon ɗakinsu rigar Yaya ce a rataye, an wanke, an goge. Dillali ba a kama shi ba. Yaya da mutum biyun nan kuwa, har yau ba wanda ya san inda aka kai su, ko suna raye.