Daƙiƙa Goma Sha Huɗu

Ranar da Tobias Renwick ya fara aiki a ɗakin bincikenmu na Halifax, wata jaririya ta yi masa tumbuɗi a kafaɗa. Delphine Arsenault ce ta miƙa masa tawul tana dariya.

"Barka da zuwa. An karɓe ka ke nan."

"In ke za ki riƙa kawo tawul, gobe ma ta ƙara," in ji shi.

Aikinmu gano yadda ƙwaƙwalwa ke gane yawan abu tun kafin mutum ya iya ƙirga. Sai a yi ta nuna wa jariri ɗan wata shida ɗigo takwas a allo har ya gaji, sannan a sa goma sha shida. In ya tsura ido ya daɗe, to ya gane an canza. Delphine ce mai auna tsawon kallon. Bayan labule take zama, fuskar jariri kawai kyamara ke nuna mata. Doka ce: mai awo ba ya ganin abin da ake kallo, don kada son rai ya shiga.

Kafin ƙanƙara ta narke soyayya ta yi ƙarfi tsakanin Tobias da Delphine. Mahaifinta, masunci a Chéticamp, ya ce sam.

"Ƙato da ƙarfinsa yana nuna wa jarirai ɗigo? Wannan sana'a ce?"

Asabar uku Tobias ya bi shi cikin jirgin ruwa yana amai, har tsohon ya ji tausayi ya sauko. Aka sa biki watan Agusta.

Sai ga Ingrid Solheim daga Minnesota, doguwa mai fara'a, an ɗauke ta ta riƙa tsayawa gefen allo. Delphine kuwa, Allah ya yi ta da kishi. Ko mai sayar da kofi ce ta yi wa Tobias murmushi, kofin ya lalace ke nan.

Wata Talata tana duba bidiyon gwaji, ta hango fuskarsa can bayan uwar jaririn. Yana kallon hagu, inda Ingrid ke tsayawa, yana wani irin murmushi mai taushi. Yatsarta ta danna maɓallin awo da kanta. Daƙiƙa goma sha huɗu. Ta sake awo sau uku, haka ya fito. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

Ta ajiye masa zoben alkawarin aurensu a teburinsa, ta tura saƙo:

"Daƙiƙa 14, sau uku na sake awo. Ko jariri ba ya yi wa sabon abu irin wannan kallon. Ni na zama ɗigo takwas ke nan, an gaji da ni."

"Ɗigona, me kike nufi? Ɗaga waya mana."

"Je ka tambayi doguwarka."

Kwana biyar ba ta kula shi ba, ta rame, shi ma ya daina roƙo. Ran na shida Ingrid ta tare ta a bakin lif.

"Ke, zo nan. Na gaji da harara."

Ta ja ta gaban kwamfuta, ta buɗe bidiyon ɗaya kyamarar, mai ɗaukar ɗakin gaba ɗaya.

"Ga ni nan, na sunkuya ina gyara waya, ko ganina ba ya yi. Me ke bayana?"

Labule ne. A ƙarƙashinsa ga ƙafafu biyu ba takalmi, safa ɗaya ja ɗaya kore, suna rawa. Ƙafafun Delphine ne, su ne Tobias yake yi wa murmushi.

"Shekara huɗu kina wannan aiki," in ji Ingrid, "kin manta ba kya ganin abin da ake kallo?"

Kunya ta rufe Delphine har wuya. Ta same shi a kicin yana wanke kofuna, ko juyowa bai yi ba.

"Toby, na ga bidiyon."

"Kin auna ni kamar jariri, Del. Sau uku. Tambaya ɗaya ta gagare ki."

"Tsoron amsar nake ji."

Ya rufe famfo ya dube ta, idonsa ya yi ja.

"Za ki daina?"

Ta so ta yi ƙarya, ta kasa.

"Awon zan daina, zan riƙa tambaya. Kishin kuwa ba na jin zai tafi. Sai dai ka aure mu tare."

Har ta fara fidda rai. Sannan ya goge hannu, ya zaro zoben daga aljihun rigarsa.

"Kawo yatsar. Amma ke kaɗai zan riƙa ciyarwa, kishin ya nemi nasa."

A cocin garinsu aka ɗaura auren, Ingrid ce ta sa hannu a matsayin shaida. Mu dai muka ci ƙaguwa muka sa albarka. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ƙara wa Tobias haƙuri, don su biyu muka aurar masa, ita da kishinta.