Kunyar 'Yar Fari

Tun da Safiyya ta ga Hajiya Larai, uwar mijinta, ta sauko da wata 'yar jaka daga saman kwaba tana kakkaɓewa, ta gane inda aka dosa. Jakar ta yi wa kayan babba kaɗan, amma kayan 'yarta Nusaiba tsaf za su shige.

Gidan na Hajiya ne, a Badarawa. Safiyya da mijinta Zakariyya suna sasan baya. Auren soyayya suka yi tun daga makaranta, sai dai soyayya a gidan suruka tafiya take da sanɗa. Abin da aka fara koya wa Safiyya shi ne kunyar 'yar fari: ba kiran sunan yarinya, ba yi mata wasa a gaban mutane, in ta yi kuka ma a kau da kai. Don neman a zauna lafiya ta bi, har ta wuce gona da iri. Hajiya na shagonta na atamfa a Babbar Kasuwa, Zakariyya na ofis, Nusaiba kuwa an haɗa ta da waya tana kallon katun. Ga ta da shekara uku, ko "Mama" ba ta taɓa cewa ba.

A asibiti aka ce kunnenta ƙalau. Wata dattijuwar nas ta tambayi Safiyya wa ke yi wa yarinyar hira a gida, sai Safiyya ta fara hawaye. Nas ɗin ta ce ta riƙa ɗora ta a cinya kullum, tana karanta mata littafi a bayyane tana nuna hotuna, ko da ba ta tanka ba.

Safiyya ta sayo ɗan littafi, labarin wata akuya da ta ɓace a kasuwa. Kullum da hantsi sai ta karanta, Nusaiba ta kafe shafin da ido, shiru. Ana haka wata rana Hajiya ta dawo da wuri, ta tarar da surukarta rungume da 'yar fari, tana kwaikwayon kukan akuya ba ko kunya.

Da Hajiya ta yi faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Kallo ɗaya ta yi ta wuce. Bayan la'asar ta kira ɗanta ta ce fitsarar uwa ce ke ɗaure bakin yaro, don haka ranar Asabar za ta kai Nusaiba riƙo wajen ƙanwarta a Giwa.

"Ki yi haƙuri, uwata ce, me zan ce mata?" in ji Zakariyya da ya kai wa Safiyya labarin, yana kallon ƙasa.

"Ban ce ka ɗaga mata murya ba," Safiyya ta ce. "Ni ma na yi shiru, ga abin da shirun ya haifa mana."

Sai ya tashi ya fita. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, don ta san yana son 'yarsa kamar ransa. Gida ya yi tsit. Hajiya na wanke 'yan rigunan jikarta tana ninkewa, Safiyya na gaishe ta a durƙushe kamar kullum, tana ci gaba da karatunta a ɓoye.

Ranar Asabar mai mota ya iso da safe. Safiyya ta durƙusa ta roƙi alfarma ɗaya, a bar ta ta karanta wa yarinyar kafin su tafi. Hajiya ta ce ba dai a gabanta ba.

Sai Zakariyya, wanda bai taɓa ɗaukar 'yarsa a gaban uwarsa ba, ya karɓi littafin. Ya zauna a tabarma, ya ɗora ta a cinya ya fara, yana sauri kamar ana korarsa. Garin saurin nan ya haɗa shafi biyu ya juya.

Nusaiba ta dafe masa hannu.

"A'a," ta ce. Ta mayar da shafin baya, ta ɗora yatsa. "Akuya... tana nan."

Safiyya ta toshe bakinta, kuka ya ƙwace mata. Hajiya ta yi tsaye da mayafi a hannu, mai mota na danna hon a waje. Can ta nisa ta ce a je a sallame shi.

Haƙurin Safiyya bai faɗi ƙasa banza ba. Kunya ado ce, amma yaro ba ya koyon magana daga uwar da ta kau da kai. Abin da aka zuba masa a kunne yana taruwa ko da ya yi shiru, wata rana kuma sai ya fito.

Hajiya ta jawo kujera ta zauna kusa da tabarmar, tana goge ido da bakin mayafi.

"Koma farko," ta ce wa ɗanta. "Kuma ka bi a hankali, ni ban ji yadda akuyar ta ɓace ba."