Kuɗin Binciken Gidan Fegge

Cin amana mugun abu ne, amma cin amanar matar da ta zuba maka tuwo tun kana ƙarami ya fi kowanne muni. Abin da Zailani ya aikata ke nan a unguwar Fegge ta Anacha, shekarar da aka sami mulkin kai.

Ranar Talata aka kawo ƙara caji ofis cewa takardar gidan marigayi Alhaji Gimba, mai sayar da goro, ta ɓace daga akwatinsa. Sufeto Kure ya tafi da kansa, domin matar marigayin, Hajaratu, tana takaba, ba ta fita. Ta bayan asabari ta yi masa magana.

"Wa ke taɓa akwatin, Inna?"

"Ni da Zailani. Ɗan ƙanen Alhaji ne, ni na goya shi. Shi ke mana karatun boko."

Ta turo wata takarda ta ƙarƙashin asabarin. Zailani ne ya rubuto yana neman fam tara, ladan binciken gadon gidan da harajinsa a ofishin ƙasa na Inugu.

"Ya ce haraji ya taru, in ban sayar ba gwamnati za ta ƙwace kafin in fita takaba. Na ce ba na biyan fam tara sai na ga abin da ya binciko. Ni da 'ya'yana, ina za mu?"

Sufeto ya sami Zailani a teburinsa na rubuta wasiƙu, bakin kasuwa.

"Ina ka sauka a Inugu?"

"Unguwar Obiagu, Yallaɓai, gidan Malam Awwalu fatoma, mai saukar da fatake. Kwana uku."

"Ka rubuta fam biyu kuɗin masauki."

"Ai birni ne, Yallaɓai. Komai kuɗi."

Kure mutumin Kudancin Zariya ne, amma ya daɗe cikin fatake, ya san fatoma ba ya karɓar kuɗin masauki. Washegari ya hau mota sai Inugu.

Malam Awwalu ya ji zancen ya tafa hannu.

"Kuɗin kwana? A gidana? Sufeto, la'ada nake ci in an sayar da kaya, ban taɓa sayar da tabarma ba. Balle ɗan gidan Alhaji Gimba! Rabona da yaron nan tun ranar jana'iza."

Da ya komo Anacha, Sufeto ya wuce ofishin haraji. Akawu ya ce a nan ake biyan harajin gidajen Fegge, ba a Inugu ba, kuma shekara huɗu ba a biya na wannan gidan ba.

"Wa ya saba kawowa?"

"Wani Zailani. Makon jiya ma ya zo da wani mai sayar da katako, suna tambayar yadda ake sauya sunan mai gida a takarda."

Sufeto ya tasa Zailani gaba har gaban asabarin.

"Malam Awwalu yana gaishe ka. Ya ce yaushe ka kwana gidansa?"

Sufeto ya ƙara jefa masa wata tambayar.

"Alhaji yana ba ka kuɗin haraji duk shekara?"

"Yana ba ni."

"Ina suke?"

Sai Zailani ya durƙusa, ya ce ya cinye. Ya ce ko tashar mota bai je ba, takardar gidan kuma tana hannun mai katako, ya karɓi fam arba'in a kanta, da alkawarin za a gama ciniki kafin Inna ta iya fita ta tambaya.

"Inna, ki yafe mini."

Daga bayan asabarin Hajaratu ta amsa.

"Kwanakin takabata kake ƙirgawa, Zailani? Ni ina kukan babanka, kai kana lissafi?" Sannan ta ce, "Sufeto, tafi da shi. Ka zaga da shi ta baya, kada ƙannensa su gani."

Aka sa masa ankwa. Kafin magariba takardar gidan ta koma akwatinta.

Alƙali ya ɗaure shi wata goma sha takwas. An sayar da kekensa da teburinsa da akwatin tufafinsa aka biya mai katako. Fam taran bai ga ko sisi ba. Ɗakin zauren da yake kwana tun yana yaro aka zuba huhun goro a ciki, kuma da ya fito, babu Bahaushe ɗaya a Fegge da ya sake ba shi wasiƙa ya karanta.